Yadda Ɗan Fansho Zai Tafiyar da Yininsa a Bazara

Duk wanda ya shafe shekara 35 yana fita aiki da sassafe yana dawowa bayan la'asar, agogon ofis ne ya riƙa yanka masa yininsa, ko ya lura ko bai lura ba. Ranar da aka miƙa masa takardar ajiye aiki wannan agogo ya tsaya, amma ba ya gane girman abin da ya rasa a lokacin hunturu ko a tsakiyar damina, sai bazara ta kama. A da zafin Afrilu yakan tarar da shi a bakin aiki, hankalinsa na kan fayil ko kan allo, har rana ta yi sanyi bai ankara ba. Yanzu kuwa a tsakar gida zai same shi tun daga hantsi har magariba, ga jiki ya fara nauyi, ga wutar lantarki sai an ga dama, ga kuɗin fansho da ba ya kai ƙarshen wata. A wancan zamani da bazarar gwamnati muke rawa, yanzu kuwa tamu ce ta rage mana. Tsarin da zan bayyana shi ne wanda na zauna a kansa a Kano bayan na sha wuyar shekarar farko, kuma tushensa ɗaya ne: mutum ya ajiye agogon ofis ya koma bin rana, kamar yadda iyayenmu suka yi tun kafin a san albashi.

Sai a fara da sanin lokacin kansa. Bazara daban take da rani, ko da yake matasan birni sukan haɗa su. Takan fara ne idan ƙurar hunturu ta kwanta, wajen tsakiyar Maris, ta ci gaba har ruwa ya zauna, a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, gwargwadon yadda gari ya yi arewa. Masu fassara kan ari sunanta su ba lokacin da furanni ke tohowa a Turai bayan ƙanƙara ta narke, amma wanda ya taɓa tsayawa a Kantin Kwari da azahar a watan Afrilu ya san cewa watanni kawai suka haɗa. A Kano ma'aunin zafi yakan kai digiri 40 a wannan wata, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuma yakan wuce haka. Abin da ya fi shafar mai tsara yininsa shi ne bazara kashi biyu ce. A kashin farko iska busasshiya ce, gumi na fitowa yana bushewa nan take. A kashi na biyu, idan iska ta juyo daga kudu maso yamma ɗauke da danshin teku, gumi sai ya riƙa tsiyaya ba ya bushewa, dare ma ya ƙi yin sanyi. Dabarar da ke aiki a kashin farko ba lallai ne ta yi aiki a na biyu ba, kuma zan nuna inda hakan yake da tasiri.

Sa'o'in da suka fi daraja a yinin bazara su ne na tsakanin sallar asuba da ƙarfe tara. Kada ka koma shimfiɗa bayan asuba da hujjar cewa babu ofishin zuwa. Ka adana barcin, akwai inda za a buƙace shi. Duk abin da ke neman ƙarfi ko tafiya a wannan tsakani ake yin sa, wato tattaki na kamar rabin awa a cikin unguwa, da cefane, da zuwa gaisuwar mutuwa ko dubiya, da ban ruwan shuke-shuke, da leƙa gona ga mai gona a kusa. Ka sa farar riga mai faɗi ta auduga, ka bar yadin roba komai kyawunsa, kuma idan tafiyar za ta kai hantsi ka ɗora malafa. Na san akwai tsohon darakta da zai ga malafa ta yi masa ƙasa, amma makiyayin da ke yini a daji bai zaɓe ta don ado ba.

Kafin ka fita ka sha ruwa, ko ba ka jin ƙishirwa. A nan ne na fi so a tsaya, domin nan ne tsofaffi suka fi yin sakaci. Yayin da shekaru suka ja, jiki ba ya saurin sanar da mai shi cewa ruwa ya yi ƙasa, don haka mutum na iya bushewa yana zaune yana hira. A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu na farkon watan, kusan rabinsu sun haura shekara 60. Hanyar da na ga ta fi sauƙi ita ce ɗaura shan ruwa a kan salloli: moɗa ɗaya bayan kowace salla, ɗaya da hantsi, ɗaya tare da kowane abinci, ta yadda ba sai an dogara da ƙishirwa ko da tunawa ba. Launin fitsari shi ne alƙali. Idan ya yi duhu kamar shayi, ruwan bai isa ba. Wanda ke da ciwon zuciya ko na ƙoda, da wanda ke shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, su tambayi likitansu tun farkon Maris adadin da ya dace da su, kuma kada su rage magani da kansu. Idan gudawa ko amai ya shigo, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, da cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. Fura da nono, da kunun tsamiya, da zoɓo, da farau-farau duk abokan bazara ne, amma mai ciwon suga ya sani cewa zoɓon da ake ƙullawa a leda sukari ne ya fi yawa a cikinsa, kuma mangwaron da ke cika kasuwa a wannan lokaci ba a yi masa zaman ci har a ƙoshi.

Ni kaina a layin tantance 'yan fansho na koyi wannan darasi. Na bar gida da ƙarfe goma sha ɗaya ban karya da komai ba sai shayi, na tarar da layi ya fito har wajen rumfa, kafin azahar kuwa na ji ƙasa tana juyawa da ni, sai wani bawan Allah ya zaunar da ni ya zuba mini ruwa a ka da wuya. Da na dawo gida uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, ai ba a yin gardama da rana." Tun daga ranar, duk wata hulɗa da banki ko ofis nakan isa kafin a buɗe ƙofa, da gorar ruwa da 'yar kujerar naɗewa. Ya kamata kuma kowa ya san tsarin da yake ciki, don kada ya je inda ba a nemansa. Dokar fansho ta 2004 ce ta kawo tsarin adashi, wanda ma'aikaci da mai ɗaukarsa aiki ke zuba kuɗi a asusu kowane wata ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom, dokar 2014 kuma ta mai da kason ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, na mai ɗaukar aiki kashi 10. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da suka fita a tsohon tsari suna hannun hukumar PTAD, wadda ta ɓullo da hanyar tabbatar da cewa mutum na raye ta wayar hannu ko kwamfuta, abin da jika zai iya taya ka yi a inuwar zaure. Jihohi kuwa kowace da nata tsarin. Ka haɗa takardar ɗaukar aiki, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da ta ajiye aiki, da shaidar haihuwa a jaka ɗaya ta leda mai kauri, ka ɗauki hotonsu a waya, ka ɗora jakar a sama inda gara da ruwan farko ba za su kai ba.

Batun sanyaya ruwa da abinci ba sai an jira wuta ba. Randa tana yin sanyi ne saboda ruwa na tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, bushewar kuma ta janye zafi daga ciki. Shi ya sa randar da aka shafa wa siminti ko fenti ta tashi daga aiki, shi ya sa kuma ake ɗora ta a kan yashi mai laima a inuwar da iska ke ratsawa, ba a kusurwar ɗaki a rufe ba. Wani malamin makaranta daga Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya ɗauki wannan tsohuwar hikima ya yaɗa ta a ƙauyuka da siffar tukunya cikin tukunya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yadda ake haɗawa shi ne a samo tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, a zuba yashi a gindin babbar har bakin ƙaramar ya zo daidai da nata, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin sharkaf, a sa tumatir da tattasai da alayyafo a cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sannan a riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Kayan miyar da kan lalace cikin kwana biyu ko uku sai su ɗauki kwanaki da yawa. Sai dai a tuna da kashi biyun nan na bazara: a Maris da farkon Afrilu tukunyar na aiki sosai, amma da zarar danshi ya cika iska ƙarfinta yakan ragu, don haka a lokacin a rage yawan cefanen da ake ajiyewa.

Daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya lokacin aikin gida ne, kuma babban aikin gida a bazara shi ne shirin damina. Ka zagaya ka duba indararo ko sheƙar tsuntsu ta toshe shi, ka sa a kwashe kwata da lambatun ƙofar gida, ka sa kafinta ya bi kwano ya ƙara ƙusa, domin iskar da ke zuwa gaban hadarin farko ita ce ke yaye rufi. Mai gidan ƙasa ya yi yaɓe yanzu, ya duba azara ko gara ta ci. Magina na da sukan yi amfani da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa daga bango, kuma ɗorawar a bazara take nuna, kamar an auna. Wanda ya shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ko ya shiga ɗakunan Gidan Makama a Kano da tsakar rana, zai ji abin da katanga mai kauri ke yi wa zafi: tana riƙe shi da rana, ba ya ratsowa ciki sai dare ya yi. Mu da muka zuba garatutinmu a bulo da kwano ba mu da wannan gata, saboda haka sai dabara. Bangon yamma ne ya fi shan rana, a jingina masa zana ko a kafa masa rumfa. A rufe tagogin da rana ke bugawa da hantsi, a buɗe su duka bayan magariba. Ka tsaya a matsayin mai nuni, ka bar hawa tsani ga yara, domin karayar ƙugu a shekara 65 ba irin ta shekara 25 ba ce.

Akwai wani abu da nake so kowane kaka ya nuna wa jikokinsa sau ɗaya. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara rana takan bi daidai ta tsakiyar kai, wajen 21 ko 22 ga Afrilu, sai kuma wajen 21 ko 22 ga Agusta, amma na Agusta gajimare kan rufe shi. Ka kafa sanda a miƙe a fili, ko ka ajiye gwangwani a kan daɓe, ka jira wajen ƙarfe 12:25. Inuwar za ta yi ta gajarta har ta shige ƙarƙashin abin. Ranar da na gwada, jikata, wadda nake kira amarya, ta zagaya gwangwanin sau biyu sannan ta ce, "Kaka, wa ya ɗauke inuwar?" A Kaduna abin yakan faru 'yan kwanaki kafin haka, a Katsina da Sakkwato da Damagaram kuma 'yan kwanaki bayan haka. Daga wannan rana har Agusta inuwar tsakar rana kudu take faɗawa, ba arewa ba kamar sauran shekara, kuma wanda ya lura zai ga dalilin da ya sa wurin shimfiɗa tabarmarsa na hunturu ya daina yi masa daɗi.

Daga azahar zuwa la'asar babu aikin da ya wuce ƙailula. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa idan zafi ya tsananta a jinkirta sallar azahar har gari ya ɗan yi sanyi, wanda ke nuna cewa addini ma bai nemi a yi jayayya da wannan lokaci ba. Ka watsa ruwa, ka ci abinci marar nauyi, ka kwanta a ɗakin da ya fi duhu. Idan zafin ɗaki ya wuce na jikin mutum, fanka iska mai zafi kawai take hura maka, sai an jiƙa zane an yafa ko an shafa ruwa a jiki sannan ta yi amfani, mafici ma haka. Janareta kuwa ko kusa kada a kunna shi a zaure ko a bakin taga, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da mai barci ya farka ba. Masu azumin nafila su auna ƙarfinsu. Da yake shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, watan Ramadan yakan zagayo bazara bayan kimanin shekara 33, don haka mu da muka yi azumin Afrilun 1989 muna ganiyar ƙarfi mun sake yin sa a Afrilun 2022 da furfura, kuma duk wanda ya faɗi gaskiya zai ce ba ɗaya ba ne. Iyali su san alamun da ba a jira da su: idan dattijo ya rikice, ko maganarsa ta sarƙe, ko jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nufi asibiti.

Bazara kuma lokacin sanƙarau ne, kuma ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin da cutar ta fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Waɗanda suka ga annobar 1996, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, ba sa buƙatar a yi musu bayani. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya da amai ba na jiƙo ba ne, na asibiti ne a ranar. A hana yara cunkusuwa a ɗaki ɗaya marar taga. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, kuma yara da matasa aka fi nufa da ita, don haka idan an zo unguwa da ita, kakan da ba shi da ofishin zuwa shi ya fi dacewa ya tasa jikoki a gaba.

Bayan la'asar sai majalisa, kuma majalisar bazara a gindin darbejiya take. Mutane da yawa na zaton bishiyar tamu ce tun fil azal, alhali asalinta yankin Indiya ne, kuma a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno, daga nan ta bazu har ta sami sunaye irin su dogon yaro da maina. A wannan lokaci take fure, kuma ƙamshin da ke tashi a titunan Maiduguri da Kano bayan magariba nata ne. Ina ganin majalisar da ba ta da abin yi sai ƙorafin fansho da siyasa tana ƙara wa mutum hawan jini ne kawai, shi ya sa na ɗauki al'adar zuwa da ranar tarihi a aljihu. Watannin bazara cike suke da su. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato, makonni shida bayan faɗuwar Kano. Ranar 13 ga Maris 1957 sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu ranar 20 ga Afrilu 1817, Baturen nan mai yawon bincike Clapperton ya mutu a Sakkwato a Afrilun 1827 a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Malam Aminu Kano kuma ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Amma ranar da ta fi tayar da hira a majalisarmu ita ce 2 ga Afrilu 1972, ranar da Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama kamar maƙwabtanta. Kowa yana da labarin inda yake a ranar, da yadda masu keke suka rikice a shataletale, da yadda motocin da sitiyarinsu ke dama suka ci gaba da yawo shekaru bayan haka. Haka ma kusufin rana na 29 ga Maris 2006, lokacin da gari ya yi duhu da hantsi a wasu sassan arewa maso yamma.

Kada a bar waɗannan labarai su tsaya a baki. Ka sayi littafin rubutu mai kauri ka ware shi don bazara, ka riƙa rubuta shafi ɗaya kowace yamma, da boko ko da ajami, wanda hannunka ya fi sabawa. Ka rubuta farashin tiyar gero da na buhun taki, da ranar da mangwaro ya fara shigowa, da wanda aka haifa da wanda ya rasu, da abin da ka tuna na farin 1973. Idan akwai wanda ya girme ka a dangi, ka je da waya ka naɗi muryarsa, ka tambaye shi abin da ya ji daga iyayensa game da yunwar Kakalaba ta 1914. Tsohuwar malamar asibiti ko ta makaranta da ta ajiye aiki tana da irin wannan taska, sau da yawa ma ta fi ta mazan, domin mata ne ke riƙe da lissafin haihuwa da aure da zumunci. A cikin littafin kuma ka buɗe shafi don alamun sama da ƙasa. Taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, Surayya a bakin malaman lissafi, sukan yi ƙasa a yamma bayan magariba cikin Afrilu har su ɓace, sannan su sake fitowa ta gabas da asuba cikin Yuni. Shamuwa takan dawo daga kudancin Afirka ta yi sheƙa a bishiyoyin gari gab da saukar ruwa. Gawo kuwa akasin sauran itatuwa yake yi, yana riƙe da ganyensa duk rani, sai ruwa ya kusa ya fara zubar da shi, abin da ya sa geron da ke gindinsa yake samun taki da hasken rana a lokaci ɗaya.

Mai gona ya gama sassabe da kai taki kafin tsakiyar Mayu, amma ya ɗauki 'yan ƙwadago, shi ya tsaya a inuwa. Wajen sassabe kada a tumɓuke duk kututturen da ke tohowa. Manoman yankin Maraɗi sun nuna tun daga shekarun 1980 cewa idan aka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai ya koma bishiya, kuma da wannan hanya da suke kira sassaben zamani aka farfaɗo da miliyoyin kadada a kudancin Nijar. Iri kuma a saye shi da wuri daga inda aka amince, ko na cibiyar binciken noma ta Samaru ko gero irin SOSAT mai saurin nuna, a kuma saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara.

Da dare, idan ɗaki ya gagara, a fito tsakar gida, amma a kan gado ko wani abu mai tudu, da gidan sauro, da tocila a kusa da matashi, domin kunama ma zafin ne ke fito da ita, kuma a kakkaɓe takalmi kafin a sa da asuba. A yayyafa wa daɓe ruwa bayan magariba, zafin da ya sha zai fita kafin lokacin kwanciya.

Kafin bazara ta fita akwai aiki ɗaya na minti biyar. Ranar 27 ko 28 ga Mayu, da ƙarfe 12:18 agogon Makka, wato 10:18 na safe a Najeriya da Nijar, rana takan tsaya daidai saman Ka'aba. Ka kafa sanda a miƙe, ka ja layi daga ƙarshen inuwarta zuwa gindinta, inda layin ya nufa nan ce alƙibla, ba tare da ka kalli ranar da ido ba. Na gwada a ɗakina na tarar shekara da shekaru ina ɗan karkata zuwa kudu.

Sai kuma hadarin farko, wanda yakan zo da guguwa da jar ƙura kafin ɗigo ya sauka. A kwashe shanya, a cire kayan wuta daga soket, a kori yara daga gindin bishiya, kuma kada a tari ruwan farko na indararo don sha, domin ƙurar wata shida yake wankowa. Kada kuma a yi gaggawar shuka. Na taɓa zuba duk irina bayan ruwa ɗaya a farkon Mayu, sama ta ɗauke mako uku, tsiron ya ƙone ina kallo. Masana noma a yankin Sahel sukan ɗauki damina ta kama ne idan an sami kimanin milimita 20 cikin kwana uku kuma dogon fari bai biyo baya ba, kuma kana iya aunawa da kanka. Ka samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ka ajiye shi a fili nesa da bango da bishiya, ka tokare shi da duwatsu don kada iska ta kifar da shi. Da ruwa ya ɗauke ka tsoma rula ka karanta zurfin, ka rubuta a littafinka tare da kwanan wata, sannan ka tona ƙasar gona da hannu ka ga ko laima ta kai tsawon tafinka. Idan ta kai, ka shuka rabin irin, ka ɗaure bakin buhu a kan sauran har ruwa na biyu ya sauka.